Sati Uku a Kicin ɗin Goggo

Ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da uwar 'ya'yanka da yaran gaba ɗaya. Yaya bayan naka? Kana dai shan maganin, ko ka koma halinka na sai ciwo ya kwantar da kai? Ni lafiya lau, in ban da ƙafafun nan da ke kumbura in na daɗe a tsaye, aikina kuwa ka san tsayuwa ce.

Na ga gara in rubuto, don kai a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. A takarda dole ka yi shiru ka ji.

'Yarka ta iso jiya da la'asar, lafiya ƙalau. Ta girma tubarkalla, ga ladabi, Goggo kaza Goggo kaza. Ko takalmi ba ta cire ba ta zuge jaka ta fito mini da kwalin digirinta na girki, an naɗe shi a leda biyu, tana riƙe da shi kamar jariri. Na karɓa na juya gaba, na juya baya, na tambaye ta ta wane gefe ake fara ci. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake yi.

Auta, ni na goya ka, ba zan yi maka kara ba. Shekara huɗu da suka wuce na ce kada ka sayar da bas ɗinka don a koya wa yarinya dafa abinci a jami'a. Ka ce zamani ya canza, Yaya ba za ki gane ba. To ga zamanin nan ya zo. Yau motar wani kake tuƙawa, kana kai masa balas kowace yamma da bayan da ba ya miƙewa. Na zauna na yi maka lissafin da ka ƙi yi. Albashin sabon kuku a otal ɗinmu bai ɗara na mai wanke-wanke da komai ba sai ɗan kuɗin mota. In aka ɗauke ta, ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta sayi ko sabulu ba, sai ta yi shekara tara kafin ta mayar maka da bas ɗin nan. Ni ina da sha biyar na shiga kicin, ina koyo ana biyana. Ita kuwa kai ka biya aka koya mata. Da kuɗin wanke tukwanen nan nawa ka yi makaranta har ka yi lasin, ko da ka manta.

Amma tunda ka roƙe ni, na yi wa manaja magana. Gurbin kuku ɗaya ne tak ake da shi. Za ta yi gwajin sati uku ba albashi, in an gama ni babbar kuku zan cike fom in ce a ɗauka ko kada a ɗauka. Ka ce mini duk abin da kake da shi yana kan wannan aikin, na ji. Ka kwantar da hankalinka, ai jinina ce.

Yanzu haka tana can tana goge farar rigarta a karo na biyu, ta jera wuƙaƙe shida a kan gadona tana gaya mini sunan kowace. Ni da guda ɗaya na ciyar da garin nan.

Ka gaida matarka da yaran. Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarka,
Babba

Ranar Laraba

Auta ƙanina,

Sallama da gaisuwa. Takardarka ta same ni ta hannun abokinka direba, da kwalbar man shafawar da matarka ta aiko. Ka yi mata godiya, Allah ya bar zumunci. Ina fata kowa yana lafiya. Ka ce in ba ka labarin 'yarka ba ragi, to buɗe kunne.

Yau kwananta goma a kicin. Ranar farko ta shigo da rigar nan fara sol, sunanta a ɗinke a ƙirji, sai ka ce wani zai sace ta. Mu goma sha huɗu ne a wurin, kowa rigarsa ta sha mai da hayaƙi. Na tara su na ce ga Farfesa nan an aiko mana daga jami'a ta koya mana dafa ruwa. Aka kwashe da dariya, mai wanke-wanke har da riƙe ciki. Yanzu ko masu kai abinci Farfesa suke ce mata, kuma tana amsawa. Kada ka ji haushi, haka kicin yake. Ni shekara biyu cur ana kirana Tsumma, ban mutu ba.

Na dire mata buhun albasa, na koma gefe ina jiran ta yanke yatsa. Ba ta yanke ba. Gaskiya hannunta yana da sauri, yankan kuma duk kai ɗaya. Ban yaba ba, yabo ɓata sabon ma'aikaci yake yi. Na ce ya yi siriri. Washegari ta ƙara kauri, na ce wa za a ba wannan, jaki?

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne sikelinta. Wani ɗan ƙarami ne mai nuna lamba, da littafi mai baƙar bango da take sakawa a aljihu. Ka san ni, hannuna ne awona. Shekara talatin da takwas ban taɓa rubuta komai ba. Gasasshiyar kazar da ta yi wa otal ɗin nan suna, ba mahaluƙin da ya san abin da ke cikinta sai ni, shi ya sa ko zazzaɓi nake sai an aiko mota ta ɗauke ni. To wai 'yarka tausayin ƙafafuna take ji. Ta ce in aka rubuta komai, zan iya hutawa kwana biyu a sati ba wanda zai neme ni. Sai ta tsaya a gefena da kwano a kan sikeli. Duk abin da na ɗebo, gishiri ne, tafarnuwa ce, man shanu ne, sai na zuba a kwanon ta ga lamba, ta sunkuya ta rubuta, sannan in ɗauka in juye. Kowane girki sau uku, wai haka aka koya musu don a tabbatar. Na biye mata, na ce bari yarinya ta yi wasanta.

Shekaranjiya manaja ya shigo ya same mu a haka. Ya karɓi littafin ya yi ta buɗawa, baki har kunne. Ya ce abin da ya daɗe yana nema ke nan, daga yanzu kicin ba zai ƙara tsayawa saboda mutum ɗaya ba. A gabana ya faɗa, Auta, ko kallona bai yi ba. Da ya kai bakin ƙofa ya juyo, cikin raha, ya tambaye ni wai shekaruna nawa ne yanzu. 'Yarka kuwa murna kamar ta tashi sama. Duk hanyar gida tana ce mini Goggo kin ga an yaba aikinmu. Aikinmu fa!

A ranar kazar ce kaɗai ba mu auna ba. Na ce mata washegari za mu fara, kuma ni da kaina zan ɗebo mata komai.

Kada ka aiko da kuɗin abincinta, ba ka da shi, ni ma na sani. Ka gaida gida.

Yayarka,
Babba

Ranar Litinin

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fata kana zaune ne, ba a bakin sitiyari kake karanta wannan ba. Yaya jikin, yaya yaran? Mu nan da sauƙi, sai dai labarin ba mai daɗi ba ne. Gara ka ji daga bakina.

Ranar Asabar an yi taron likitoci a otal, abincin rana na mutum ɗari uku. Manaja ya ce wannan ce damar gwada littafin. Ya ba ni hutun Juma'a da Asabar, hutuna na farko tun ban san yaushe ba, ya ce Farfesa ta yi kazar daga abin da ta rubuta. Ita kazar nan, tun ana gobe ake shafe ta da gishiri da kayan ƙamshi, ta kwana a firji ya ratsa ta har ƙashi, washegari a gasa. Abin da ya shiga ya shiga, ba a cire shi. Kaji ɗari da hamsin ta shafe ranar Juma'a, kowace da awo.

Ina gida na miƙe ƙafa, ƙarfe ɗaya da rabi sai ga waya, manaja yana ihu ko sallama babu. Da na isa, farantai suna ta dawowa kamar yadda suka fita, kowa ya yagi loma ɗaya ya ajiye. Gishiri, Auta. Na ɗanɗana, sai da idona ya kawo ruwa. Masu kai abinci suka ce wani babban likita ya miƙe ya tambaya ko otal ɗin ne ke nema musu masu hawan jini, aka yi ta tafi. Na ɗaura gyale na shiga, cikin awa guda na fitar da shinkafa da kifi, aka rufa asiri. Kajin kuwa bola. Mai gadi ya ɗebi uku ya kai wa karensa, ya dawo ya ce ko shi ya ƙi.

Da yamma manaja ya kira mu ofis. 'Yarka ta buɗe littafin, ta nuna masa lambar gishirin, sau uku aka auna, sau uku lamba ɗaya. Ya juyo ya tambaye ni ko daidai ne. Na ce ranka ya daɗe ni ina na san lamba, ai ba ni da kwali, ni dai da na zuba da hannuna a ranakun nan uku ba wanda ya dawo da faranti. Sai ta ɗago ta dube ni. Ta daɗe tana kallona, har na fara gyara ɗankwali. Daga nan ta rufe littafin, ta ce laifinta ne, wataƙila wajen ninka lissafin ta yi kuskure, a yi haƙuri.

Manaja ya ce asarar ta fi albashin kuku na wata huɗu. Amma wai sauran aikinta ya burge shi, ba ya so ya yanke hukunci cikin fushi, don haka maganar tana nan a hannuna. Ranar Alhamis zan cike fom ɗin, abin da na ce shi za a yi.

Ka ga abin da na yi ta gaya maka ke nan. Shekara huɗu, bas guda, ga abin da aka saya. A kicin yanzu in wani zai miƙa wa wani gishiri sai ya ce a tambayi Farfesa tukuna. Na hana su, amma ka san ma'aikata, kuma gaskiya abin da ban dariya. Ita dai ba ta fasa zuwa ba, tana riga kowa. Sikelin ne ban ƙara gani ba.

Ka yi haƙuri, ka ba matarka haƙuri. Komai nufin Allah ne.

Yayarka,
Babba

Ranar Alhamis

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Takardarka ta iso jiya, na karanta sau biyu, kuma wallahi da kana kusa da sai na kwaɗa maka mari kamar da.

Godiya kake mini. Shafi biyu na godiya. Wai 'yarka ta buga maka waya ta ce Goggo ce ta fitar da ita kunya, laifin nata ne ita kaɗai. Wai za ka riƙa biyan kuɗin kajin kaɗan-kaɗan daga abin da ya rage maka bayan balas, in dai zan taimaka in sa hannu. Har da cewa ba ku da uwa sai ni. Tun kana yaro haka kake, a taka ka ka ce sannu. Ba zan iya ɗaukar godiyar nan ba, ta fi mini zagi ciwo, don haka ji yadda aka yi.

Ni na yi. Na gaya maka in ta ga lamba sai ta sunkuya ta rubuta. To ranar da muka fara auna kazar, na ɗebo gishiri ninkin abin da nake sawa na zuba a kwanon. Tana sunkuyawa na ɗauki kwanon, rabi ya tafi kan kaza, rabi ya tafi aljihun rigar aikina. Haka na yi kwana uku. Ka kuma san abin da ya ba ni mamaki? Sau ukun nan lamba ɗaya sikelin ya nuna. Ko a ƙarya hannuna bai kuskure ba. Na dawo gida ina zazzage aljihu a bayi, ina jin daɗi, Allah na tuba.

Akwai kuma wanda ban gaya maka ba, shi ne ya fi. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce, ana gobe za ta shafe kajin, ta same ni a ɗaki da littafin. Ta ce Goggo, lambar nan tana damuna. Wai a makaranta an koya musu iyakar gishirin da nama ke ɗauka gwargwadon nauyinsa, wannan kuwa ya ninka. Ta nuna mini a takardunta, ta lissafa a gabana, kuma abin da ta fitar, Auta, shi ne daidai abin da nake sawa. Ko ƙwaya bai ragu ba. Abin da na yi shekara talatin da takwas ina ɓoyewa a tafin hannu, yarinyar nan ta fito da shi da biro cikin minti biyu. Sai na tambaye ta malamin nata kaji nawa ya taɓa gasawa, kuma ita da idonta ba ta ga na zuba an ci an yaba ba? Na ce in takarda ta fi goggonta sai ta bi takarda. Sai ta ce a'a Goggo, ke kika sani.

To ka ji. Kullum tambayarka ita ce ko kuɗinka ya tafi a banza. Bai tafi ba. Abin da ka saya mai kyau ne, ya yi aiki, ya gaya mata gaskiya. Ita ce ta ajiye shi ta bi ni, don ka rene ta a kan cewa Yaya ba ta kuskure. Wannan kuma kai ka koya mata, kyauta.

Kada ka tambaye ni ko ban ji tausayi ba. Na ji, bai dai kai tsoro ba. Shekarata hamsin da uku. Ba ɗa, ba miji, ɗakin nan na haya ne. In yarinyar nan ta zauna a kicin shekara guda, manaja zai kira ni ofis ya ba ni agogon bango da godiya. Daga nan in je ina? Wurinka? Kai da kake kwana da lissafin kuɗin mai? Na ba ka ƙuruciyata sau ɗaya, ban yi ƙorafi ba. Ba zan ba 'yarka tsufana ba. Ita tana da kwali, tana da shekaru, ta je ta nema wani wuri. Ko da yake manyan kukun garin nan duk mun san juna, labarin kajin kuma ya riga ta isa ko'ina, ba sai na ɓoye maka ba.

Yau da hantsi aka ce in je in cike fom ɗin. Ashe yanzu a kwamfuta ake yi, ni kuwa ban san ko ta ina ake kunna ta ba. Manaja ya fita, sakatariyarsa ba ta zo ba. Duk kicin ɗin mutum ɗaya ce ta iya. Na leƙa na kira ta, tana cikin gyaran kifi. Ta wanke hannu ta biyo ni.

Ta zauna a kujerar manaja, ni ina tsaye a bayanta. Tana karanto tambaya ina ba da amsa tana bugawa. Zuwa aiki a kan lokaci, na ce da kyau. Tsafta, na ce da kyau. Zama da abokan aiki, na ce ba laifi. Da ta zo ta ƙarshen, ko babbar kuku ta amince a ɗauki wannan ma'aikaciya, ta karanta da muryar da ta karanta sauran, ta ɗora hannu ta jira. Na yi zaton za ta juyo. Na shirya abin da zan ce in ta yi kuka, na shirya abin da zan ce in ta tona. Ba ta juyo ba. Na ce a'a. Ta danna. Sai ta ce akwai wurin rubuta dalili, ba a barinsa fili. Na ce ta rubuta ba ta da hannu. Ta rubuta, ta karanto mini don in ji ko haka na ce, ta tambaya ko ta tura. Na ce tura.

Ta kashe kwamfutar, ta mayar da kujerar yadda ta same ta. Saura awa biyu a lokacin aikinta, aikin da ba a biyanta, sai ta koma ta ƙarasa kifin, guda arba'in. Da ta tafi na ja tiren gabana na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ina neman abin da zan nuna wa mutane. Ko ƙaya ɗaya ban samu ba.

Motar safe za ta shigo ranar Asabar, na biya mata. Ka je ka tarye ta, kayanta da nauyi. Ka gaida matarka, kai za ka gaya mata, ni ba zan rubuta sau biyu ba. Allah ya ƙara maka lafiya.

Yayarka har gobe,
Babba